Shin garin furotin yana sauke suga? Amsa ga wani Alhaji daga Makka

Wani Alhaji mazaunin Makka, mai shekara 54, ya rubuto cewa shekara shida ke nan da aka gano masa ciwon suga nau'i na biyu. Yana shan magungunan suga metformin da gliclazide, gwajin tarakumi na ƙarshe, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, ya nuna 8.2, kuma in ya ci shinkafar rana ya auna yakan ga 240 ko fiye. Ɗansa mai zuwa wurin ɗaga ƙarfe ya kawo masa robar garin furotin, irin wanda ake rubuta whey a jikinsa, ya ce ya gani a bidiyo yana sauke suga. Alhaji yana so ya sani ko gaskiya ne, in gaskiya ne ko zai iya rage magani, sannan ko ba zai taɓa masa ƙoda ba.

Alhaji, amin wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne. Yaronka bai yi ƙarya ba, kuma ya kyauta da ya damu da lafiyar mahaifinsa. Sai dai bidiyon da ya gani rabin zance ya faɗa. Wannan gari yana da aiki na gaske a kan suga, an gwada an gani, amma aikin nasa guda ɗaya ne: yana rage yadda suga ke cillawa sama bayan an ci abinci. Ba ya warkar da ciwon, ba ya tsayawa a madadin metformin, kuma da tarakumi 8.2 ba a kai ga maganar rage magani ba tukuna.

Asalinsa madara ce. Duk wanda ya taɓa ganin Fulani na yin cuku da ganyen tumfafiya, ko ya ga ana tsane labna, wato kindirmo mai kauri, a kyalle, ya san yadda madara ke rabuwa biyu, mai kauri ya dunƙule, wani ruwa mai ɗan rawaya ya tsiyaye. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar shanu yana tafiya da cukun, sauran kashi 20 yana cikin wannan ruwan. Shi ne kamfanoni ke tacewa, su busar, su mayar gari su zuba a roba. Ke nan ba magani ba ne da aka haɗa a ɗakin gwaji, abinci ne da aka tattara wuri guda.

Kafin ka gane yadda yake aiki, sai ka san abin da ke faruwa a jikinka in ka zauna gaban farantin shinkafar bukhari. A jikin mai lafiya, da zarar abinci ya fara shiga, bankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, takan saki wani kaso nan take cikin 'yan mintuna. Wannan sakin farko shi ne abin da ke fara lalacewa a ciwon suga nau'i na biyu. Insulin ɗinka yana nan, amma a makare yake zuwa, bayan shinkafa ta riga ta narke ta cika jini. Shi ya sa kake ganin 240 bayan abincin rana, alhali wataƙila da asuba lambar ba ta kai haka muni ba.

Furotin ɗin wei, wato whey ɗin da ke cikin robar, yana shiga wannan giɓi ta hanya uku. Yana narkewa da sauri fiye da furotin ɗin nama ko na cuku, kuma yana da yalwar wasu sinadarai irin su liyusin da ke zaburar da bankiriyas ta saki insulin da wuri. Na biyu, in ya isa hanji yana sa hanjin ya fitar da wasu sinadarai masu kai saƙo, GLP-1 da GIP, waɗanda ke ƙara wa insulin ƙaimi. Wannan GLP-1 ɗin shi ne alluran nan irin su Ozempic ke kwaikwaya, sai dai ƙarfin allura da na gari ba a haɗa su, kada wani ya ruɗe ka da cewa abu ɗaya ne. Na uku, wanda a ganina ya fi muhimmanci, yana rage saurin da tumbi ke tura abinci zuwa hanji. Kai da ke Makka ka san yadda askarawa ke yi a ƙofofin Harami lokacin aikin Hajji, ba sa sakin jama'a gaba ɗaya, rukuni-rukuni suke bari su wuce don kada a yi turmutsutsu. Haka tumbi ke yi in furotin ya riga shinkafa shiga. Yawan sugan da zai shiga jini bai canja ba, amma kaɗan-kaɗan zai shiga, yadda ɗan insulin ɗin da kake da shi zai iya ji da shi.

Wannan ne ya sa lokacin sha ya fi yawan abin da aka sha muhimmanci. In ka sha bayan ka gama cin abinci, ka makara, sai dai ka ƙara wa cikinka kaya.

An daɗe ana bincike a kai. A 2005 masu bincike a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka haɗa wa masu suga 14 wannan furotin da abincinsu, suka ga hawan suga bayan abincin rana ya ragu da kashi 21 cikin 100. A 2009 wasu a birnin Adelaide na Ostareliya suka ba da giram 55 rabin awa kafin cin dankalin turawa, suka nuna ƙarara cewa tumbi ya rage sauri, suga kuma bai hau kamar da ba. A 2014 mujallar Diabetologia ta buga wani binciken da aka yi da mutum 15, giram 50 kafin karin kumallo, hawan suga ya ragu da kashi 28 cikin 100. Matsalar waɗannan ita ce giram 50 ya yi yawa, ba wanda zai jure shan haka sau uku kullum, ga tsada ga cika ciki. Wanda ya fi kusa da rayuwar yau da kullum shi ne na Jami'ar Newcastle a Ingila, wanda ya fito a 2022. Mutum 18 masu suga nau'i na biyu suka riƙa shan giram 15 kacal, minti goma kafin karin kumallo da abincin rana da na dare, tsawon mako guda, suna gidajensu suna harkokinsu, an manna musu na'urar da ke auna suga dare da rana. Aka samu ƙarin kusan awa biyu a kowace rana da suganu ke zaune a inda ake so, matsakaicin suga kuma ya sauka da kimanin maki 11 a irin ma'aunin da muke amfani da shi a nan Saudiyya.

Ka lura da yawan mutanen: 14, 15, 18. Ka lura da tsawon lokacin: yini ɗaya, mako ɗaya. A nan gizo ke saƙa. Da aka gwada na tsawon mako 12 a Adelaide, aka buga a 2019, inda aka haɗa giram 17 na wei da wani sinadari mai yauƙi ana sha sau biyu a rana, amfanin bayan cin abinci ya ɗore, amma tarakumi da 0.1 kawai ya sauka. Metformin da kake sha shi kaɗai yakan sauke tarakumi da kusan maki ɗaya cikakke. Kai kana 8.2, abin da ake nema ga yawancin masu irin shekarunka shi ne ƙasa da 7. Ka ga tazarar da ke tsakani ba wadda gari zai cike ba ce. Ina jaddada wannan ne domin abin da ya fi tayar min da hankali a asibiti shi ne mutumin da ya ajiye maganinsa saboda ya samu wani abu da ake cewa na halitta ne, sai ya dawo bayan wata shida ƙafa ta fara mutuwa ko ido ya fara hazo. Waɗannan in sun tafi ba sa dawowa yadda suke.

Batun ƙoda da ka tambaya shi ne ya kamata a fara da shi kafin a buɗe robar ma. Mai lafiyayyar ƙoda, furotin daidai misali ba ya lalata masa ita. Amma ciwon suga yana cin ƙoda a ɓoye, ba ciwo ba kumburi, har sai abu ya yi nisa, kuma shekara shida ta isa a fara ganin alama, balle ma yawancinmu mun daɗe da ciwon kafin a gano. Ka je asibitin unguwarku ko wurin likitanka ka nemi gwaji biyu: na jini da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, wanda za ka ga an rubuta eGFR a takarda, da na fitsari da ke auna zubar wani furotin mai suna albumin. In na farkon ya gaza 60, ko na biyun ya haura 30, to lissafi ya canja. Mai raunin ƙoda da ba a fara yi masa wankin ƙoda ba ana so furotin ɗinsa na yini ya tsaya wajen giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 80 ke nan giram 64 gaba ɗaya, da nama da kifi da wake da ƙwai da komai. In ya sha giram 15 sau uku, giram 45 ya tafi, saura me zai ci? Irin wannan mutum ba ya taɓa garin nan sai da sa hannun likitan ƙoda. In kuwa gwaji biyun sun fito lafiya, to ba abin tsoro, ka dai yawaita shan ruwa, don zafin Makka kaɗai ya isa ya wahalar da ƙoda.

Abu na biyu shi ne gliclazide. Metformin shi kaɗai da wuya ya sa suga ya faɗi ƙasa, amma gliclazide da danginsa irin su glimepiride da glibenclamide suna matsa wa bankiriyas ta fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba. Wei kuma yana kashe yunwa. Sai ka sha, ka ji ka ƙoshi, ka ci loma uku ka tashi, ko wani ya shigo shago ya riƙe ka da ciniki abincin ya wuce lokacinsa. Can sai ka ji hannu na rawa, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa, ido na duhu. In haka ta faru ka auna, in ƙasa da 70 ne ka sha rabin kofin lemo mai zaƙi ko cokali ɗaya babba na sukari a ruwa, ka sake aunawa bayan minti 15. Kada ka nemi tayar da suga da garin furotin ko da madara, domin furotin yana ƙara kiran insulin ne a lokacin da ba a buƙatarsa. Ƙa'idar ita ce, kada ka sha sai abinci yana gabanka.

Yanzu ka ɗauko robar da yaron ya kawo ka juya bayanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kantin kayan motsa jiki robobi biyu kan zauna kusa da juna, kamanninsu ɗaya, amma ɗaya mai amfani ce, ɗaya guba ce ga mai suga. Ka nemi layin da aka rubuta karbohaidiret, wato sitaci da danginsa, da sukari a kowane cokali. Mai kyau za ka ga cokali na giram 30 yana ɗauke da furotin giram 23 zuwa 27, karbohaidiret kuma giram 1 zuwa 4. In ka ga karbohaidiret ya kai gomomi, ko ka ga maltodextrin a farkon jerin kayan haɗi, ko an rubuta cewa na ƙara ƙiba ne, to wannan na samari ne masu son su cika riga, zai harba maka suga fiye da shinkafar da kake gudu. Mayar masa da abinsa. Akwai kuma bambanci tsakanin wanda aka tace sama-sama, mai furotin har zuwa kashi 80 da ragowar sukarin madara, da wanda aka tace sosai, mai kashi 90 ko fiye, wanda ake rubuta isolate a jikinsa. Da yawa daga cikinmu Hausawa in mun girma madara na kumbura mana ciki ko ta sa gudawa, in kana cikinsu na biyun zai fi zauna maka. Wanda kuwa madara ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, duka biyun ba nasa ba ne. Ka duba tambarin halal, domin abin da ake tsinka madara da shi wani lokaci daga tumbin ɗan maraƙi ake samo shi, kuma ka saya a saidaliyya, wato kantin magani, ko kanti mai rajista, inda kayan suka bi ta hannun hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, ba a hannun mai talla a WhatsApp ba.

In gwajin ƙoda ya yi kyau kuma likitanka ya sani, ga yadda zan so ka gwada, don gani ya kori ji. Ka zaɓi abincin rana kaɗai, tunda shi ne matsalarka. Kwana uku ka ci yadda ka saba, ka auna kafin ci da kuma awa biyu daga lomar farko, ka rubuta. Kwana uku na gaba ka dama kashi biyu cikin uku na cokalin da ke cikin robar, wanda zai ba ka kimanin giram 15 na furotin, a rabin kofin ruwa zalla, ba madara ba lemo ba zuma, ka sha minti 10 zuwa 15 kafin ci, ka ci irin wancan abincin daidai wancan yawan, ka auna. Abin da ake nema bayan ci shi ne ƙasa da 180. Na'urar gida tana iya kuskure da kusan kashi 15 cikin 100, saboda haka bambancin maki goma ba hujja ba ne. In ka ga 240 ta koma 200 ko ƙasa kwana uku a jere, to jikinka ya amsa. In ba ka ga wani abin a zo a gani ba, ka huta da kashe riyalolinka. Jiki ya bambanta.

Ka tuna kuma garin ba iska ba ne. Sha uku a rana ya haura kalori 200. In an ɗora shi a kan abincin da aka saba ba a rage komai ba, ƙiba za ta ƙaru, ƙiba kuwa ita ce ke hana insulin aiki tun farko.

Ga wani abu da masu talla ba za su gaya maka ba. Dabarar fara cin furotin kafin sitaci ba ta tsaya ga gari ba. A 2015 likitoci a Weill Cornell da ke New York suka ba masu suga abinci iri ɗaya a ranaku biyu, rana ɗaya suka fara da burodi da lemo, ɗaya ranar suka fara da kaza da ganye sannan burodin ya biyo bayan minti 15. Suga bayan awa ɗaya ya yi ƙasa da kashi 37 cikin 100 a ranar da aka fara da kaza da ganye. Ba a ƙara komai ba, ba a rage komai ba, jerin kawai aka juya. Don haka in an ajiye maka shinkafar mandi, ka fara da salatin da naman, ka bar shinkafar ta zo ƙarshe. Da safe ka ci ƙwai biyu da ful kafin ka kai hannu ga burodin tamis. In tuwo ne Hajiya ta tuƙa, ka fara shan miyar kuka ko kuɓewa da namanta, sannan ka yanki tuwon. Amma kada a ce za a sha ruwan da aka tsane daga labna a madadin garin, furotin ɗin cikinsa bai kai giram ɗaya a giram ɗari ba, mafi yawansa ruwa ne da sukarin madara. Ita ma madara sai ka sha sama da lita biyu kafin ka tara giram 15 na wei, ka ga an gyara gaba an ɓata baya. Kofi ɗaya na laban marar sukari kafin abinci yana da ɗan amfaninsa, sai dai yana zuwa da kusan giram 12 na sukarin madara, a sa shi cikin lissafi.

Gaskiyar magana, Alhaji, 240 ɗin nan daga farantin take. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan giram 45 na sitaci, farantin mutum ɗaya na gidan abinci kuwa da wuya ya gaza kofi uku, ga lemon kwalba a gefe, ga shayi mai sukari a baya, sannan a miƙe a yi ƙailula. Ba garin da zai iya da wannan kaya. In ka raba shinkafar biyu, ka musanya lemon da ruwa, ka yi tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan ci ko da a cikin gida ne saboda rana, za ka ga abin da ya fi na robar nesa ba kusa ba. Ba kai kaɗai ba ne, alƙaluman ƙungiyar ciwon suga ta duniya na 2021 sun nuna manya sama da miliyan 4 ke da wannan ciwo a Saudiyya, kuma irin wannan cimar da ƙarancin motsi suna da babban kaso a ciki.

Tunda wasu ma za su karanta, akwai waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce kai-tsaye. Mai suga nau'i na ɗaya ba shi da insulin ɗin da za a zaburar, kuma furotin mai yawa yana iya ɗaga masa suga bayan awa uku zuwa biyar, sai ya daidaita da likitansa. Wanda tumbinsa ya riga ya yi nauyi saboda daɗewar ciwo, yana saurin ƙoshi da tashin zuciya, ko wanda ke kan alluran GLP-1, ƙara rage saurin tumbi zai iya dagula masa. Mai juna biyu kuma ta bi ta hannun likitarta.

Da azumi, tsarin da muka gada ya riga ya ba da tazarar da ake nema. Ka buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, in kana amfani da garin ka sha a nan, ko ka ci ƙwai ko ka sha shurba mai nama, ka tafi sallar Magariba, ka dawo ka ci abinci a natse, ka bar Vimto da subiya da luƙaimat ga yara. A sahur kuwa ban fifita shi ba, saboda saurin narkewarsa, ƙwai da ful da zabadi sun fi riƙe ciki. Mai shan gliclazide dole a gyara masa awo da lokacin sha kafin watan ya kama, kamar da mako shida zuwa takwas, kuma in suga ya gaza 70 ko ya haura 300 yana azumi, ya karya, wannan shi ne abin da likitoci da malamai suka haɗu a kai.

Kada ka jira sai tarakumi na gaba. Ka nemi lokacin ganin likita a manhajar lafiya ta Sehhaty ko ta inshorarka a cikin makon nan, ka tafi da takardar da ka rubuta lambobin da ka auna, da kwalayen magungunanka, da hoton bayan robar. Ka tambayi likita kai-tsaye ko lokaci ya yi da za a ƙara ko a sauya magani, domin akwai sababbin magunguna da ke sauke suga suna kuma kare ƙoda da zuciya, kuma mai 8.2 bayan shekara shida ya cancanci a duba masa su. Ka sa a duba maka ƙwayar ido da tafin ƙafa a zuwa ɗaya in ba a yi ba a bana. Yaron ma ka tafi da shi, ya ji da kunnensa, tunda shi ne mai lura da abin da kake ci.